GIDAN BASHI DA GIDAN CINIKI: GARGAƊI GA MAI NEMAN MUHALLI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya mana gidaje wurin natsuwa da rufin asiri. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, mun rubuta wannan ɗan littafi ne saboda tambayar da ta yawaita a majalisan karatu da ƙofofin masallatai, watau hukuncin karɓar rance domin sayen gida ko gina shi. Malamin makaranta yana tambaya, ɗan kasuwa yana tambaya, matan aure ma suna aiko da takarda. Kuma ba mu ga laifin mai tambaya ba. Wanda ya ɗanɗani zaman haya ya san zafinsa: shekara ta zagayo mai gida ya ƙara kuɗi, ko ya ce ɗansa zai yi aure a kwashe kaya, ga iyali ga tarkace ba wurin zuwa. Son mallakar gida ba kwaɗayi ba ne, domin muhalli yana cikin haƙƙin da mace take da shi a kan mijinta. Abin da muke so ka fita da shi daga wannan karatu guda ɗaya ne: kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka san ko rance ne aka ba ka da ƙari a kansa, ko kuwa ciniki ne aka yi da kai. Sunan da aka rubuta a saman takarda ba shi ne abin dubawa ba, sharuɗɗan da ke cikinta su ne abin dubawa.

1. KALMA ƊAYA, MA'ANA BIYU

Ka sani, ya ɗan'uwa, bakinmu na Hausa ya haɗa abu biyu a rubutu guda. Idan ɗan tireda ya sayi kwali naira dubu 10 ya sayar dubu 11, muna cewa ya ci riba. Idan mai kuɗi ya ba da rancen dubu 10 ya karɓi dubu 11, nan ma muna cewa ya ci riba. A Larabci kuwa kalmomi biyu ne daban. Ta farko ribar ciniki ce, halal ce. Ta biyu ita ce muke kira kuɗin ruwa, ita ce Allah Ta'ala Ya haramta a ƙarshen Suratul Baƙara, daga aya ta 275 zuwa ta 279, inda Ya raba tsakanin ciniki da riba, kuma Ya yi shelar yaƙi ga wanda ya ƙi bari. A hajjin ban kwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Manzon Allah (S.A.W.) ya soke ribar zamanin jahiliyya baki ɗaya, ya fara da ta baffansa Abbas, don kada wani ya ce an yi son kai. Kuma ya tabbata cikin Sahihu Muslim cewa la'anar ba ta tsaya kan mai karɓa kaɗai ba, ta haɗa da mai bayarwa da marubuci da shaidu. To, ka ji fa. Kada ka ce ai ni ba ci nake yi ba, biya nake yi.

A watan Disamba na shekarar 1985, majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda, ta yanke cewa ruwan da bankuna ke ɗorawa a kan bashi shi ne ribar da aka haramta, kaɗan ne ko mai yawa. A shekarar 1990 ta sake zama kan maganar gidaje musamman, ta ce muhalli buƙata ce ta asali, amma a neme shi ta hanyar halal.

2. YADDA RANCEN GIDA YAKE TAFIYA

Mutane da yawa suna sa hannu ba su san lissafin ba. Bari mu buɗe maka shi. Banki zai ba ka kuɗi ka sayi gida, ya riƙe takardar gidan jingina, kana biya wata-wata. Kowane wata ana fara cire ruwa tukuna daga abin da ka biya, sauran da ya rage shi ne yake rage uwar kuɗi.

A ƙaddara ka karɓi naira miliyan 10, ruwa kashi 20 cikin 100 a shekara, za ka biya cikin shekara 20. Abin da za ka riƙa biya kowane wata ya kusa naira 170,000. A watan farko, sama da naira 166,000 duk ruwa ne, abin da ya taɓa uwar kuɗi bai kai naira 3,300 ba. Kafin ka gama ka biya sama da miliyan 40. Watau ka sayi gida ɗaya, ka biya kuɗin huɗu.

A Nijeriya akwai hanyar gwamnati wadda ta fi wannan sauƙi. Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya, wanda aka kafa a 1977 a kan harsashin wata ƙungiyar gine-gine ta 1956, shi ke riƙe da Asusun Gidaje na Ƙasa da dokar 1992 ta kafa. Ana cire kashi 2 da rabi cikin 100 na albashin ma'aikaci ana zubawa a ciki, kuma rancen da aka san asusun da shi ruwansa kashi 6 ne cikin 100, ana iya biya har shekara 30. Idan ka karɓi miliyan 10 a kan haka, za ka riƙa biyan kusan naira 60,000 a wata, jimla miliyan 21 da rabi da ɗoriya. Babu shakka ya fi sauƙi ga aljihu. Amma hukunci bai canja ba don ruwan ya ragu, kamar yadda ɗigon giya bai zama halal don bai kai kofi ba. Abin da aka cire maka a albashi bisa doka ba laifinka ba ne, kuma kuɗinka ne. Inda zaɓinka yake shi ne lokacin da za ka nemi gida. A nan sai ka tambaye su a fili: akwai tsarin da babu ruwa a cikinsa? Ku nema a ƙungiyance, ku rubuta, ku nace, domin hukuma ba ta buɗe ƙofar da ba a ƙwanƙwasa ba.

Kuma kada ka ɗauka illar wannan abu a lahira kaɗai take. A ƙasar Amurka an riƙa ba masu ƙaramin ƙarfi rancen gida da ruwa mai sauƙi a shekarun farko, sa'an nan ya hau daga baya. Da ya hau suka kasa biya, farashin gidaje ya faɗi, a shekarar 2008 manyan bankuna suka durƙushe, miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu. Waɗannan mutane ba malalata ba ne. Sun sa hannu ne a kan abin da ba su san ƙarshensa ba.

3. RIBAR DA KE CIKIN GIDAJENMU

Kada mu tsaya zagin banki mu manta da kanmu. Akwai al'adar da ta daɗe a garuruwanmu: mutum ya shiga matsi, ya karɓi rance wurin mai hali, ya ba shi jinginar gida ko gona. Mai kuɗin ya shiga gidan ya zauna, ko ya zuba 'yan haya yana karɓa, ko ya noma gonar shekara da shekaru, ranar da aka kawo masa kuɗinsa kuma ya karɓe su cif. To wannan zaman da ya yi, da hayar da ya ci, da amfanin gonar da ya kwashe, mene ne sunansu? Riba ce, ko da a zauren malam aka ƙulla ta, ko da an shafa fatiha. Jingina kanta halal ce. Manzon Allah (S.A.W.) ya bar duniya sulkensa yana jingine wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Amma jingina amana ce ta tabbatar da biya, ba saniyar tatsa ba ce. Malaman mazhabar Malikiyya sun bayyana cewa idan bashin na rance ne, bai halatta mai ba da rancen ya sharɗanta cin amfanin abin da aka jinginar ba. Wanda yake cikin irin wannan, ya lissafa abin da ya ci ya cire daga bashin, ya nemi gafarar Ubangijinsa.

4. HANYOYIN CINIKI

Addini bai rufe ƙofa ya bar ka a rana ba. Ga hanyoyin da malamai suka yi bayani, waɗanda bankunan da ba sa mu'amala da ruwa suke aiki da irinsu. A Nijeriya bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, kuma ƙa'idar Babban Banki ta wajabta wa kowane irin wannan banki ya kasance da kwamitin masana shari'a.

Ta farko, Murabaha. Banki ya sayi gidan ya zama nasa, sa'an nan ya sayar maka da ribar da kuka sani kuka yarda. Misali ya saya miliyan 10, ya sayar maka miliyan 15, ka biya naira 125,000 kowane wata har shekara 10. Ƙarin farashi saboda jinkirin biya ya halatta idan an yanke farashi ɗaya tun wurin ciniki. Sharaɗi shi ne gidan ya shiga mallakarsa da lamuninsa kafin ya sayar maka, kuma miliyan 15 ɗin nan ba za ta ƙaru ba ko da ka makara.

Ta biyu, Ijara, watau haya mai ƙarewa da mallaka. Gidan na banki ne, kai ɗan haya ne, a ƙarshe a mallaka maka da wata yarjejeniya daban, ta kyauta ko ta sayarwa. Tun da shi ne mai gida, babban gyara a wuyansa yake. Idan katanga ta faɗi ba da sakacinka ba, ba kai za ka tayar ba. Kuma ba a fara lissafa haya sai an miƙa maka gidan da za a iya zama a ciki.

Ta uku, tarayya mai raguwa, wadda ake kira Musharaka. Gida na miliyan 20, ka kawo 4, banki ya kawo 16. Kana da kashi 20 cikin 100, yana da 80. Idan hayar gidan duka miliyan 1 ce a shekara, za ka ba shi naira 800,000 hayar rabonsa. Ka sayi ƙarin rabo na miliyan 2, nasa ya koma kashi 70, haya ta sauko 700,000. Haka har gidan ya zama naka. Idan kuwa gobara ta ci gidan ba da laifin kowa ba, hasara a kanku ku biyu take, kowa gwargwadon rabonsa.

Ta huɗu, Istisna'i, watau ka ba da aiki a ƙera maka ko a gina maka. Asalinsa sananne ne, domin mumbarin Manzon Allah (S.A.W.) kafinta aka sa ya yi shi, zobensa ma sawa aka yi aka ƙera. Malikiyya sun haɗa shi da hukuncin Salam, inda ake biyan kuɗi tun farko. Hanafiyya sun sauƙaƙa, kuma majalisar fiƙihun da muka ambata ta yanke a 1992 cewa ya halatta a jinkirta kuɗin ko a biya kashi-kashi, muddin an bayyana siffar abin da lokacin miƙa shi. Saboda haka idan za ka ba ɗan kwangila gini, a rubuta yawan ɗakuna, faɗinsu da tsawonsu, irin bulo, kaurin rodi, irin kwanon rufi, da ranar ba da makulli.

5. GIDAN DA AKE ƘERAWA A MASANA'ANTA

Wannan babi na Istisna'i shi ya kawo mu ga wani nau'in gida da 'yan'uwanmu mazauna Amurka suke tambaya a kai. A can akwai gidajen da ake ƙerawa cikin masana'anta, da ɗakunansu da makewayi da wayar lantarki, a ɗora a babbar mota a kai inda za a girke, kamar dai tafi-da-gidanka. Tun shekarar 1976 gwamnatin tarayyarsu ta sa musu ƙa'idar ƙira, kuma miliyoyin mutane suna zaune a cikinsu domin sun fi ginin ƙasa araha. Sayen irin wannan gida halal ne, a gan shi a saya, ko a siffanta shi a ƙera.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Da yawa daga masu irin gidan nan ba su mallaki filin da yake kai ba, haya suke biya. Saboda haka ba a ɗaukar gidan a matsayin gida mai ƙasa, ana ɗaukarsa kamar mota. Rancen da ake bayarwa a kansa ruwansa ya fi na sauran gidaje yawa, wa'adinsa ya fi gajarta, ƙwace shi kuma ya fi sauri. Mai fili yana iya ƙara haya, ɗauke gidan zuwa wani wuri kuwa kuɗi ne mai yawa, sai mutum ya zauna dole. Ka ga talaka ya gudo wa tsada ya faɗa bashi biyu: ruwa a sama, haya a ƙasa.

Darasin ya shafe mu ko ba mu taɓa ganin irin gidan ba. Gini ba ya tsayawa sai a kan ƙasa, don haka ka fara tambayar ƙasar. A Nijeriya Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, abin da kake riƙewa haƙƙin zama ne, kuma sayar da fili mai takardar gwamnati ko jinginar da shi yana buƙatar amincewar gwamna. Kada ka ba dillali kafin alƙalami sai ka je ofishin filaye ka bincika, ka tambayi mai unguwa da maƙwabta, ka tabbata ba gadon marayu ba ne aka sayar a ɓoye, ba kuma hanyar ruwa ba ce.

6. IDAN MAI TAMBAYA YA CE

Idan ya ce: Malam, ribar bankin Musulunci ai ta kai ruwan wancan, wani lokaci ma ta fi, to ina bambancin? Sai mu ce: gaskiya ne tana iya kaiwa, ba mu yi maka alkawarin araha ba. Naman yanka da mushe suna iya zuwa farashi ɗaya a kasuwa. Bambancin yana wuri biyu. Na ɗaya, mai ciniki ya mallaki kaya ya ɗauki haɗarin hasararsu, mai ba da rance kuwa kuɗinsa kawai yake jira ko gida ya tsaya ko ya rushe. Na biyu, bashin ciniki ba ya haihuwa. Kuma muna faɗa da babbar murya: idan banki ya rubuta Murabaha amma kuɗi ya tura maka bai sayi komai ba, ko ya rubuta Ijara amma ya ɗora maka dukan hasara, to rance ne aka sa wa rawani. Ka yi masa tambaya huɗu. Wa ya mallaki gidan a yau? Idan ya rushe hasarar wa? Idan na makara me zai ƙaru, kuma aljihun wa zai shiga? Idan na mutu me zai sami iyalina? Wasu malaman zamani sun yarda a ci tarar mai taurin bashi da gangan, da sharaɗin tarar ta tafi sadaka, kada ta zama kuɗin shigar banki.

Idan ya ce: ai larura ce. Sai mu ce: a 1999 majalisar fatawa ta Turai ta yi rangwame ga Musulmin da ke zaune can, wanda ba shi da gidan kansa kuma bai sami wata hanya ta halal ba, malamai da yawa kuma suka saɓa mata. Ko a wurin waɗanda suka yi rangwamen, sharaɗin shi ne rashin mafita. Kai da kake da mafita a garinku, da me za ka kafa hujja? Balle mai neman gida na biyu, ko bene don a ce ya isa.

7. HANYAR MAI HAƘURI

Kada ka raina hanyar da iyayenmu suka bi. Ka sayi fili gwargwadon ƙarfinka ko da a bayan gari ne. Ka kewaye, ka yi ɗaki biyu da makewayi, ka shiga, kuɗin hayar da ka huta biya ya zama siminti. Ku yi adashi da mutanen kirki, kowa ya ɗauki daidai abin da ya zuba. Ma'aikata su kafa ƙungiyar taimakon juna, ta sayi fili ko kayan gini da yawa ta sayar wa 'ya'yanta kashi-kashi. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku kuma masu hali, ku ji tsoron Allah. Da kuna ba da rance mai kyau, wanda ba a neman komai a kansa sai lada, da ƙannenku da yaran shagonku ba su je layin masu ruwa ba. Kuna kashe miliyoyi a biki na kwana uku, ɗan'uwanku yana neman kuɗin kwano ya rufe ɗaki kafin damina.

Kowace hanya ka bi, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kada kunya ta hana ka, ko da tsakaninka da wanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Kuma ka sanar da matarka da manyan 'ya'yanka abin da ake binka, domin ba a raba gado sai an biya bashi, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. An taɓa kawo gawa gaban Manzon Allah (S.A.W.), da ya ji ana bin mamacin bashi bai bar abin biya ba sai ya dakata da yi masa salla, har Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Hausawa suna cewa bashi hanji ne yana cikin kowa, amma wanda ya sa hannu a bashin shekara 30 ya tuna ba a ba shi takardar kwana 30 ba.

Wanda ya riga ya shiga rancen ruwa, kada ya yanke ƙauna. Ya tuba, ya daina ƙarawa, ya yi ƙoƙarin biya da wuri don ruwan ya ragu, ya bincika ko za a iya mayar da shi tsarin ciniki. Ba mu ce ya watsar da iyalinsa a titi ba, kuma ba mu ce ya gudu da kuɗin mutane ba.

Allah Ya ba mu muhalli na halal mai albarka, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya rufa asirin 'yan haya da marayu da zawarawa, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa. Idan ka karanta, ka miƙa wa ɗan'uwanka, ka karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.